Shekarar da Yaya Luba Ba Ta Je Tambuwal Ba

Ranar da na fara ganin Dakta, korar ta na yi daga jikin mashin. Gara in faɗa da bakina kafin Inna ta ba ku labarin, don ita in ta tashi bayarwa har da mari take ƙarawa, alhali ban mari kowa ba. An aike ni tashar Tambuwal ne in ɗauko wani babban masanin tattalin arziki daga jami'a, wanda zai yi bincike a ƙauyenmu na ƙasar Kebbe. Kawu Sani, mai mashin ɗin, yana kwance da zazzaɓi, ni kuma ina hutun makaranta, shi ya sa aikin ya faɗo kaina. Tun a hanya na gama zana mutumin a raina: tumbi kamar randa, tabarau, babbar riga mai cin yadi goma. Har ina tausaya wa tayar baya. Ina tsaye a tasha sai ga wata siririyar mata da hijabi ruwan toka da jakar goyo, ta zo ta dafa bayan mashin ɗin.

"Baiwar Allah, ɗauke hannunki," na ce mata. "Wanga mashin ba na haya ba na yau. Babban mutum nika jira."

Ta ce to. Ta koma gindin wata bishiya ta zauna, ta sayi gyaɗa tana ci. Ni kuwa na tsaya a rana har inuwata ta gaji ta shige ƙarƙashin takalmina. Da na ga zan narke, sai na kira lambar da aka ba ni. Waya ta yi ƙara a cikin jakar goyon nan. Ta ɗaga, tana kallona, tana tauna gyaɗarta.

"Babban mutumin bai iso ba tukuna?" ta ce.

Wannan wautar tawa ce, na karɓa. Amma akwai wani laifin da ake ɗora mini a gida, wai bakin Bashiru ne ya hana Yaya Luba zuwa Tambuwal. Ku ƙannena, Nana da Murtala, kuna ƙanana lokacin, kun taso kun tarar ana faɗa, har na ji Murtala yana maimaitawa rannan kamar haddar allo. Saboda ku na zauna rubutun nan, tun manya ba su gama goge rabonsu na laifin ba.

Maganar daga awaki ta faro. Kun san a garinmu shanu da gona na maza ne, awaki da tumaki kuwa na mata, kuma a cikin gida suke ɗaure, bayan ɗakuna. Akuya ita ce asibitin mace, ita ce kayan ɗakin 'yarta, ita ce kuɗin makarantar ɗanta in maigida ya ce bana babu. Shekarar da ta gabaci zuwan Dakta, ciwon nan na zawo da majina ya shigo gari ya bi gida-gida. Akwai allurar rigakafinsa, akwai kuma malamin dabbobi da ke zuwa daga Kebbe. To amma namiji ne, gidajenmu kuwa ba a shiga. Sai ya tsaya a ƙofar zaure, a ce yara su janyo masa dabbobin. Ku gwada janyo akuya zuwa wurin baƙo mai allura, ku gani. Ni da kaina wani bunsurun Inna ya ja ni a ƙasa daga turke har bakin rijiya, da ba don katanga ba da a garin Fakku za a tsince ni. Kafin a kama biyu, sauran sun haye rumbu. Malamin yana da garuruwa a gabansa, sai ya rufe jakarsa ya buga mashin. Matan da suka san wadda ke tari da wadda ta daina cin dussa suna bayan labule, ba mai tambayarsu. Haka Yaya Luba ta rasa awakinta kaf, sai wata 'yar ja guda ɗaya mai taurin rai.

Yaya Luba ta gama sakandare, kuma duk unguwarmu in akuya ta kasa haihuwa ita ake kira. Da labari ya zo cewa wata ƙungiya ta buɗe kwas a Tambuwal, na koya wa mata yin allurar dabbobi, ba ta ci tuwon kirki ba ranar. Makonni kaɗan ne, masaukin mata zalla. In mace ta gama sai a ba ta kula mai ƙanƙara ta ajiye magani, ta riƙa shiga gidaje da rugage, ana biyanta ɗan abin da ya samu. Gurbi ɗaya aka ba ƙauyenmu, kuma sai da yardar uba ko miji. Ta samu Baba da hantsi yana gyaran igiyar shanu, ta durƙusa ta faɗa masa.

"Ni ban ƙi ba, Luba," in ji Baba. "Aikin alheri na. Amma ɗiya mace bisa mashin, da kula, tana yawo gida-gida? Ki tuna da dakalin Alhaji Ɗanjumma."

"Baba, dakali ba shi da akuya," ta ce.

"Yana da baki," in ji shi, ya ci gaba da igiyarsa.

Dakalin nan na ƙofar shagon Alhaji Ɗanjumma ne, inda dattawan gari ke zama bayan la'asar. Ba a taɓa noma ko kwano ɗaya na gero a kansa ba, amma a nan ake yanke wa kowa hukunci. In kaza ta ratsa ta gabansu, kafin ta kai tsallake an san asalin kakarta da dalilin da ya sa mijinta ya sake ta. Babanmu, Malam Umaru, wanda na taɓa gani ya riƙe bijimi ta ƙaho har ya durƙusar da shi, yana tsoron dakalin nan fiye da kunama a cikin takalmi.

Ashe ba garinmu kaɗai ba ne. An buɗe kwas, mata ba su zo ba, shi ya sa aka nemi Dakta ta gano dalili. Wajen mata ita kaɗai take shiga, ni in tsaya a waje ina gadin mashin. Amma wajen maza dole a samu na uku, don ba dattijon da zai keɓe a zaure da baƙuwar mace. Ni ne na ukun. Kafin mu shiga zauren farko ta tsayar da ni, ta dube ni ido cikin ido.

"Bashiru, abin da ka ji a zaure, a zaure zai tsaya. Na yi musu alkawari ba wanda zai ji sunansu. Za ka iya?"

Na ce ko wuƙa aka sa mini a wuya. Har na dafa ƙirji.

Tambayoyinta na da yawa, amma biyu ne suka fi tsaya mini. Ta farko: kai, a ranka, za ka bar 'yarka ko matarka ta yi wannan aikin? Ta biyu: sauran mazan garin fa, me kake jin za su ce? Wasu sun ce a'a kai tsaye. Tsoho Buba mai faskare ya ce shi bai yarda ba, ba zai yarda ba, kuma a rubuta da sunansa. Har yau ina ganin girmansa, don abin da ya faɗa a zaure shi yake faɗa a kasuwa. A rugar da ke bayan fadama kuwa Arɗo dariya ya yi ta yi, ya ce matansu kullum suna kan hanyar kasuwa da ƙwaryar nono, shi damuwarsa a zo kafin su tashi zuwa mashaya. Amma mafi yawan dattawan dakali, abu ɗaya suka yi kamar sun haɗa baki. Mutum zai leƙa ƙofa, ya rage murya, ya ce shi kam ba shi da matsala, mutanen gari ne ba su waye ba. Mu fita mu shiga zaure na gaba, mutanen garin da ba su waye ba su ma su leƙa ƙofa su faɗi haka. Na riƙa cizon bakin rigata don kada dariya ta kuɓuce, har rigar ta huje.

Sai muka zo kan Alhaji Ɗanjumma da kansa. Ya sa aka kawo wa Dakta lemo mai sanyi, ni aka ba ni ruwan randa. Ya dube ni ya ce in toshe kunnena, na sa yatsu a kai na bar ƙofar kunnen a buɗe.

"Dakta, da don ni na, ko ɗiyata Hajo sai ta tafi," ya ce. "Tumakin uwargidana bara sunka mutu kamar an share da tsintsiya. Amma garinga sai a hankali. Ki dubi uban yaron ga, Malam Umaru. Mutumin kirki na, amma kanai a tukunya yake. In ya ji na tura ɗiyata, ba ni sake shan ruwa a garinga."

Washegari muka zauna a zaurenmu, Baba ya leƙa ƙofar gidansa na kansa, ya rage murya, ya ce shi da son samu ne Luba ta tafi, amma Alhaji Ɗanjumma zai mayar da shi abin dariya.

A hanyar komawa masaukinta na kasa haƙuri. Muna faɗawa ramuka muna fitowa, na ce mata, Dakta, ashe duk garin nan tsoron juna suke. Ta ce ba garinmu kaɗai ba, abin da take bincike a kai ke nan shekara da shekaru: wani lokaci ba rashin jari ke tsare mace a gida ba, ba kuma ƙin mijinta ko ubanta ba, zaton da yake yi wa maƙwabcinsa ne. Ta ce za ta je Sanyinna ta yi 'yan kwanaki, in ta dawo za ta roƙi mai gari ya tara maza, ta faɗa musu a dunƙule abin da yawancinsu ke so, ba sunan kowa. Kowa sai ya ji ashe ba shi kaɗai ba ne, kuma ba wanda ya ji kunya.

"Kafin a rufe karɓar suna?" na tambaye ta.

"Da ɗan saura. Kai dai ka riƙe bakinka."

Na riƙe shi. Allah ya sani na riƙe shi, har kumatuna suka yi ciwo. Ina ganin Yaya Luba tana wanke tsohuwar jakar makarantarta tana shanyawa, ko da Baba zai sauya ra'ayi, ban ce mata komai ba. Sai ranar kasuwa da la'asar Inna ta aike ni in kai wa Baba rediyonsa a dakali. Na tarar an cika, har da masu tsayuwa. Ina miƙa rediyon sai Alhaji Ɗanjumma ya gyara zama ya ɗaga murya.

"Malam Umaru, an ce ɗiyarka za ta zama likitan awaki? To ka faɗa muna da wuri, mu haɗa mata kuɗin wando da hular kwano."

Dakali ya fashe da dariya. Mutanen da na ji da kunnena suna cewa aikin alheri ne, su ne har da buga cinya. Wannan bai ƙona ni ba kamar abin da Baba ya yi. Dariya ya taya su. Ya ce wa ya faɗa maka, ai maganar yara ce. A nan wani abu ya tsinke a kaina. Na ji bakina ya buɗe ba da izinina ba.

"Alhaji, ai kai kac ce da don kai na, ko Hajo sai ta tafi. Kac ce Babana kaka tsoro, wai kanai a tukunya yake."

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Ban tsaya ba. Na juya kan Mamman mai taki na faɗi nasa, na faɗi na Ladan, na faɗi na mai gyaran keke, har da yadda kowa ya leƙa ƙofa. Na ƙare da Baba, na ce shi ma Alhaji yake tsoro. A raina na ɗauka za su dubi juna su yi dariya, a ce ashe duk ɗaya muke, a tafa, gobe Yaya Luba ta hau mashin. Ba haka aka yi ba.

"Yaron ga ƙarya shika yi," in ji Alhaji Ɗanjumma, a hankali. "Ni? Hajo? Allah ya kiyashe ni."

Shi ke nan aka buɗe ƙofar rantsuwa. Mamman ya rantse bai faɗa ba. Ladan ya rantse shi baƙuwar ma bai gane Hausarta ba. Masu gemu fari fat suna kama sunan Allah ɗaya bayan ɗaya kamar ana rabon goro. Wani ya ce abin da boko ke jawowa ke nan, ɗa ya tsaya gaban iyayensa yana ƙirga su. Baba ya miƙe, rediyon na hannunsa. Ɗansa ya ci mutuncin dattawa, ya kuma kira shi matsoraci a bainar jama'a.

"Ku shaida," ya ce. "Wallahi Luba ba ta taka Tambuwal don wanga kwas. Ni ba a yi mini dole a gidana."

Dukan da na sha ba sai na ba ku labari ba, maƙwabta sun ji, na Kebbe ma ina jin sun ji. Bai dame ni ba kamar shigata cikin gida. Labari ya riga ni. Yaya Luba tana tsugune tana dama wa 'yar jar akuyarta dussa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

"Bashiru, wa ya aike ka?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Yaya, don ke niy yi."

"Don ni. Kowa don ni shika yi. Baba don ni, kai don ni. Ba wanda yat tambaye ni."

Ta tashi ta ɗauke jakar makarantar daga kan igiya, ta ninke, ta shiga ɗaki.

Inna ba ta sallama nan da nan ba. Da safe ta kai wa Baba kunu, ta zauna nesa kaɗan, ina jin su daga inda nake kwance rub da ciki.

"Malam, rantsuwar fushi ta. Addini ya ba da mafita. Ka yi kaffara, ka bar yarinya ta tafi."

"In yi kaffara gari duka ya san na janye?"

"Azumi ai ba a buga mai ganga."

"Ranar da ta hau mashin da kula, ganga ta bugu," in ji Baba. Ya shanye kununsa ya fita gona.

Da Dakta ta dawo daga Sanyinna, zaurukan da suka karɓe ta da lemo duk sun rufe. Mai gari ya aika mata cewa taron ba zai yiwu ba, mutane sun ce an tona musu asiri. Ta same ni a ƙofar gidan Kawu Sani ina wanke mashin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Maganar da ka watsar ba taka ba ce, Bashiru. Ba tawa ba ce ma. Aro aka ba mu."

"Amma gaskiya na faɗa, Dakta."

"Gaskiya ce. Ka faɗe ta yadda ba wanda zai iya amsa ta ba tare da ya ji kunya ba. Ni ma da laifina, da na zaunar da ɗan gari yana jin sirrin iyayensa."

Ta bi gidajen nan ɗaya-ɗaya tana ba da haƙuri daga bakin ƙofa, wasu ko fitowa ba su yi ba. Ta cire garinmu daga cikin aikinta gaba ɗaya. Ta zo wurin Baba ta roƙe shi a kan Yaya Luba, ya sa aka dama mata fura mai kyau, ya yi mata addu'ar sauka lafiya, ya ce rantsuwa ta riga ta fita. Wani ɗan kabu-kabu daban ne ya mayar da ita Tambuwal.

To ku ji inda raina ke ɓaci, don nan ne ba a faɗa muku. Na ci amana, na yarda, kuma bayana ya biya. Amma ni kaɗai ne a dakalin nan ban yi ƙarya ba ranar. Mutanen da suka haife mu, masu sahun gaba a masallaci, sun rantse a kan abin da suka san sun faɗa, kuma har yau ba wanda ya kira su da wani suna sai Alhaji da Malam. Tun kafin in buɗe baki Baba ya hana Yaya Luba tafiya. Tun kafin a haife ni awakin mata ke mutuwa a bayan ɗaki, mazansu na zaune a waje kowa na gadin bakin ɗan'uwansa. Amma in an tashi ba da labari sai a ce bakin Bashiru. Ya fi sauƙi. Bashiru ba shi da gemu.

Ana gobe za a rufe karɓar suna, na fito da safe zan kai shanu fadama, sai mashin ya wuce ni ta hanyar bayan gari. A baya akwai mace da jaka a cinya, ta ja hijabi har hanci. Na gane takalmanta. Hajo ce, 'yar Alhaji Ɗanjumma. Da la'asar Alhaji ya sanar a dakali cewa mai gari ne ya roƙe shi, don kada gurbin garinmu ya tafi Fakku, shi kuma ba ya iya musa wa manya. Na tsaya daga nesa ina jiran maganar wando da hular kwano. Mamman mai taki ya ce kai, Alhaji ya yi sadaukarwa. Ladan ya ce irinsu ake so a gari. Baba yana zaune a cikinsu, yana murɗa rediyonsa yana neman tasha.

Hajo ta gama kwas ɗin, an ba ta kula. Ita ke yi wa awakin garinmu da na rugage allura yanzu, har ta sayi mashin nata, ƙaninta ke tuƙa ta. In ta zo gidanmu, Yaya Luba ce ke riƙe mata awakin.